Daga Birnin Kebbi zuwa Alƙahira: yadda na shirya tafiyar jinyar Baba

Mu mutanen Kebbi ba ma lissafa Nijar a cikin ƙasashen waje. Mutum ya bi ta Kamba ya tsallaka Gaya, ya ci kasuwa, ya yi zumunci ya dawo, ba wanda zai ce ya yi wata tafiya. Wanda kuma ya je Hajji, hukumar alhazai ce ke riƙe masa hannu tun daga biyan kuɗin kujera har shiga jirgi, shi dai nasa ya kawo hoto ya miƙa dantse a yi masa allura. Shi ya sa da likita ya ce gwiwar Baba ta cinye, sai an sa masa ta ƙarfe, 'yan'uwa kuma suka zauna suka tsayar da shawarar a kai shi Masar, aka duba gidanmu kaf, da alhazansa da 'yan kasuwarsa, ba a samu mutum ɗaya da ya san inda ake farawa ba. Ni aka ɗora wa rakiyar, ni da ban taɓa wuce Dosso ba.

Tun da maganar ta fita, duk wanda ya shigo gaisuwa akwati yake tambaya. An sayi akwati? Me da me za a ɗauka? Alhali akwati shi ne ƙaramin aiki. Abin da ke cin watanni takardu ne, kuma takardun nan a jere suke, kowace tana jiran ta gabanta. Ba a yin fasfo sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ba a buga biza sai a cikin fasfo. Bizar jinya tana neman wasiƙar asibitin da za a je, asibitin kuma ba zai rubuto ba sai ya ga rahoton likitan gida da hotunan gwiwar. Katin allurar shawara ma lambar fasfo ake rubutawa a jikinsa. Wanda ya faro daga tsakiya dole ya koma baya.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin suna. A NIN sunan Baba ya ƙare da sunan garinmu, kamar yadda aka saba a nan, su wane Argungu, wane Jega, wane Bunza. A banki sunan mahaifinsa ne a ƙarshe. A katin asibiti kuwa laƙabin da aka fi saninsa da shi aka rubuta, shekarar haihuwar ma ba ta zo daidai da ta NIN ba. A gida wannan bai taɓa hana shi komai ba, domin kowa ya san shi. Amma hukumar shige da fice daga rumbun NIN take ɗauko bayani, abin da ta tarar can shi take bugawa a fasfo, jami'in ofishin jakadanci kuma da ya ga suna biyu mutum biyu ya gani. Muka yanke shawarar mu bar NIN yadda take, tunda gyara a can shi ya fi jan lokaci, mu jawo sauran takardun su bi ta. Aka yi takardar rantsuwa a kotu aka kai banki. Na koma wurin likita na roƙe shi ya sake buga rahoton da sunan da ke NIN. Daga nan duk takardar da za a rubuta, ina tsaye a kanta ina bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, domin Muhammad da Mohammed a bakinmu suna ɗaya ne, a kwamfutar kamfanin jirgi kuwa ba ɗaya ba ne.

Fasfon kansa bai ba mu wahala ba da aka daidaita sunan. A shafin intanet na hukumar ake cike fom, a can ake biya, a can ake zaɓar ranar zuwa ofis a ɗauki hoto da zanen yatsu. Mu a ofishinsu na Birnin Kebbi muka yi. Mun tafi da takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma da ta haihuwa, Baba kuma da ba a yi masa ta haihuwa ba ya kai ta rantsuwar shekaru. Tun daga 1 ga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Kuɗin yana canzawa, don haka a duba shafin kafin a lissafa. Za ka samu samari a bakin ƙofa suna cewa su za su yi maka komai cikin sauri. Idan kana iya karatu kuma kana da waya, ka cike abinka da kanka ka buga rasit ɗin, abin da za su ƙara maka ka ajiye shi, yana da wurin zuwa a gaba. Baba yana zaune kan benci yana kallon layi ya ce mini, "Babana, mu sa'ad da munka tai Makka ba a yi muna wanga dogon bincike ba." Na ce, "Baba, lokacin ku wasu ne suka sha wahalar, yau mu ne hukumar alhazan kanmu." Ranar karɓa, ban bar wurin ba sai da na karanta shafin hoton tsaf. Wanda kuma yake da tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, domin yawancin ƙasashe suna son ya rage masa aƙalla wata 6.

Maganar asibiti wani ɗalibi ɗan garinmu da ke karatu a jami'ar Azhar ta Alƙahira ne ya tsaya mana, Allah Ya saka masa. Na tura masa rahoton da hotunan ta WhatsApp, ya zagaya ya samo mana amsa daga asibiti fiye da ɗaya. Abin da na koya a nan shi ne kada jimillar kuɗi ta ruɗe ka. Ka tambayi abin da ke cikinta: ƙarfen da za a sa yana ciki? Kwanan asibiti nawa aka lissafa? Gwaje-gwajen kafin aiki fa? Motsa ƙafa da koyon tafiya bayan aiki, wanda shi ne ke tsawaita zama, a ciki yake ko daban? Akwai dillalan asibiti da ke tare masu zuwa jinya, wasu na kirki ne, wasu ladansu a cikin kuɗinka yake ba ka sani ba. Ni dai na dage sai wasiƙa mai tambarin asibiti, na kuma ƙudurta ba zan miƙa kuɗin aiki a hannun kowa ba sai a tagar biya ta asibitin, a ba ni rasit.

Allurar shawara mutane ke rainawa, ita ce kuma ke iya tsayar da mutum a ƙofar ƙasa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake samun zazzaɓin shawara, don haka Masar tana neman katin nan ruwan ɗorawa daga wanda ya fito daga nan, wanda ba shi da shi ana iya keɓe shi. Sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke ba da shi, ana biya ta intanet a je da rasit, mu a Abuja muka yi namu da muka je maganar biza. Abu biyu nake so a riƙe. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka ba abin da za a bari sai ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ga dattijon da ya haura shekara 60 kuwa, a fara tambayar likitansa, domin allurar ta fi yi wa tsofaffi nauyi. Likitan Baba ya duba shi ya ba da izini kafin a yi. Akwai masu sayar da katin ba tare da allura ba. Na gaskiyar yana da lambar da ake haskawa da na'ura a ga sunanka, na jabun kuwa a filin jirgi yake tona kansa.

Biza ba ni da dogon labari a kanta. Ofishin jakadancin Masar yana Abuja. Mu dai abin da muka haɗa shi ne fasfo, hotuna masu farin baya, wasiƙar asibiti, rahoton likita, takardar banki mai nuna shiga da fitar kuɗi, da shaidar an kama mana kujera a jirgi. Kama kujera daban, sayen tikiti daban. Ban biya kuɗin tikiti ba sai da na ga biza a cikin fasfo da idona. Da na zo saye kuma na ƙara kuɗi na ɗauki irin wanda ake iya canza masa ranar dawowa, domin a tafiyar jinya likita ne ke da ranar dawowa, ba kai ba. A lokacin sayen ne na ce a rubuta Baba yana buƙatar keken marasa lafiya a kowane filin jirgi, kyauta ne, amma sai an faɗa tun da wuri.

Kuɗi da dala muka tafi da mafi yawansu. Da za ka karɓa wurin ɗan canji, ka nemi sabuwar ɗari mai shuɗin zare, wadda aka fara fitarwa a 2013, ka ƙi mai yagewa ko tabo ko rubutun biro, domin a waje ana iya ƙin karɓarta. Doka ta ce wanda zai fita da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa kwastan a rubuce, kuma kuɗin aikin tiyata yana iya kai wa nan, don haka a cike fom ɗin hankali kwance, ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Na raba kuɗin gida uku: wasu a ɗamarar da ke ƙarƙashin rigata, wasu a aljihun cikin rigar Baba da tela ya ɗinka masa da zif, 'yan kaɗan a jakar hannu. Ko sisi bai shiga akwati ba. Na je banki na tambaya ko katina zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai fitar, na kuma sa aka buɗe wa layina damar aiki a ƙetare, saboda lambar sirrin da banki ke turowa ta wannan layin take zuwa. Mutum ya cire layin gida ya jefa a aljihu, ranar da 'yan'uwa suka turo gudummawa sai ya rasa yadda zai taɓa ta.

Sai da duk wannan ya kammala na juya kan kaya. Na fara da jakar hannu, ba akwati ba, da tambaya ɗaya: idan akwatunanmu suka yi ɓatan hanya suka kwana uku ba su iso ba, me za mu kasa rayuwa ba shi? Amsar ita ta shiga jakar hannu. Fasfo biyu da katin allura biyu a ƙaramar jaka mai rataya a wuya. Wasiƙar asibiti, rahoton likita, faifan hoton MRI. Manyan hotunan ƙashi ba sa naɗuwa, sai na sa su tsakanin kwali biyu na riƙe a hannu. Tabarau ɗin Baba, na'urar awon suga da ta hawan jini, caja, kaftani ɗaya ɗaya na canji. Fawa bank dole a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda ya shiga akwatin da ke ƙasan jirgi ba, domin batirinsa yana iya kamawa da wuta inda ba mai gani. Almakashi, reza da 'yar wuƙar da Baba ba ya rabuwa da ita kuwa akasin haka, akwati za su shiga, in suka biyo jakar hannu an ƙwace su ke nan. Duk wani abu mai ruwa, turare ne ko man shafawa, kwalbarsa kada ta wuce mililita 100 in a hannu za a riƙe, kuma girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Kowace takarda na ɗauki hotonta na ajiye a waya, na tura wa yayana, na kuma buga kwafi na sa a akwati.

Magani na ba shi kulawa ta daban. Na hawan jini da na suga na sayi wanda zai wuce kwanakin da muka ƙiyasta, na bar kowane a cikin kwalinsa na asali, likita ya rubuta mana takarda da Turanci mai ɗauke da sunan kowane magani da yadda ake shansa. Baba ya saba zuba ƙwayoyinsa duka a kwalba ɗaya, yana gane su da launi. Jami'in da zai buɗe jakar ba zai gane su da launi ba. Maganin ciwon da yake sha ma sai da na kai wa likita ya duba, domin Masar tana ɗaukar tramadol a matsayin ƙwaya, an kuma ɗaure baƙi a kansa. Gwaggo ta kawo ƙullin sassaƙe da wani gari na shafawa, na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ce mata za mu ajiye sai mun dawo, domin garin da ba shi da suna ba shi da takarda ba ni da amsar da zan bayar a kansa. Rubutun da malaminsa ya aiko kuwa, a gida ya shanye shi daren da za mu tashi.

Tafiyar ta faɗo a Janairu, ɗalibin nan kuma ya gargaɗe ni cewa kada in ce na san sanyi don na san hunturun Kebbi. Da dare Alƙahira tana sauka wajen digiri 10, gidajen kuma tayil ne, sanyin ta ƙasa yake shigowa. Na sa suwaita, safa masu kauri, hular sanyi, da wanduna masu faɗi da za su wuce kan bandeji. Manyan rigunan Baba na bar su, ɗaya kawai na ɗauka ta Juma'a, domin babbar riga mai aiki ita kaɗai tana cinye kwatan akwati. Takalmi mai sauƙin zurawa wanda ba ya santsi. Darduma marar nauyi. Sai adafta, domin soket ɗin Masar mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga.

Abinci shi ne inda Inna ta fi ƙarfi. Ta so a tafi da shinkafa, na ce mata Masar ma ƙasar shinkafa ce, nauyin banza za mu ɗauka. Abin da mara lafiya zai yi marmari kuma ba a samu a can shi muka zaɓa: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, garin kunu. Kowane a farar leda da ake ganin ciki, na rubuta sunansa da Turanci na manna, na jera su a saman akwati yadda mai bincike zai gani ba sai ya hargitsa kaya ba. Daddawa sai da ta shiga roba mai murfi, in ba haka ba duk tufafin sun ɗauka. Kilishi da busasshen kifin Yauri na bar su, domin ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da nama, ban kuma ga dalilin tsayawa jayayya a kan kifi da dattijo a keke ba. Tikitinmu ya ba kowa akwati biyu na kilo 23. Na kai su shagon mai sayar da hatsi aka ɗora a sikeli, na bar kowane da sauran wuri. Jakar nan ta buhu mai zif da muke zuwa kasuwa da ita a bar ta a gida, wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓarta saboda tana maƙalewa a na'urar jan kaya.

Saƙo shi ne abin da ya fi yi mini nauyi a duk shirin, ba a sikeli ba, a zuciya. Garinmu akwai iyaye da yawa da 'ya'yansu ke karatu a Masar, da labari ya bazu sai ƙulle-ƙulle suka fara isowa, wasu an naɗe da salatif ta ko'ina. A al'adarmu kwance saƙon mutum rashin kunya ne, ƙin karɓa kuma yanke zumunci. Amma ban manta da ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umara a ƙarshen 2018 ba, aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta, ba ta ma san da jakar ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya gano masu yin wannan aika-aika. Ita da ba ta karɓi komai ba ke nan, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa ya ce bai san abin da ke ciki ba? Sai na kafa sharaɗi ɗaya ga kowa, babba da yaro: zan kai, amma a gabanka za a kwance, ni zan sake ƙullewa.

Wata Hajiya maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina ƙarami, ta kawo nata ta ce, "Malam, ga ɗan saƙo ka kai ma ƙanenka, ba shi da nauyi." Na durƙusa na ce, "Hajiya, zan kai da yardar Allah, amma ki yi haƙuri mu buɗe tare, a filin jirgi za a tambaye ni abin da ke ciki." Fuskarta ta canza. Ta ce, "Ashe yau ni ce ba a yarda da ni ba?" Baba ne ya cece ni daga kan tabarmarsa, ya ce, "Hajiya, ko nawa ƙullin sai da yaron ga ya kwance shi. Doka ta, ba raini ba." Aka buɗe, yaji ne da ƙuli-ƙuli da wasiƙa, sai wasu ƙwayoyin magani a leda da wani ya ba ta ya ce a haɗa wa ɗansa. Ita kanta ba ta san ko na mene ne ba. Na ɗauki yajin da ƙuli-ƙulin da wasiƙar, maganin ya koma inda ya fito. Na tabbata da wuya a ce akwai mugun nufi a ciki, amma ba a ƙasar mutane nake son a gano hakan ba.

Daga Abuja jirginmu zai tashi. Hanyar mota ta Jega, Koko, Yauri da Kontagora doguwa ce ga mai ciwon gwiwa, ga kuma halin tsaro da kowa ya sani, sai muka hau jirgi daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa. Abu biyu game da wannan. Jirgin cikin gida nauyin da yake yarda da shi bai kai na jirgin waje ba, don haka a tanadi kuɗin ƙarin kaya. Sannan lokacin hazo ne, jiragen Arewa suna jinkiri ko a soke su gaba ɗaya, kuma tunda tikitin biyu ba a haɗe suke ba, in na gida ya makara na waje ba ruwansa. Saboda haka muka isa Abuja tun da sauran kwana a gaba, muka sauka wurin ɗan'uwa, Baba ya huta.

Ranar tashi mun isa filin jirgi da sauran fiye da awa uku. Tebur bayan tebur ne: masu binciken kaya, kwastan, hukumar yaƙi da ƙwayoyi, masu duba katin allura, sannan shige da fice. Kowa na amsa masa abin da ya tambaya, na nuna takarda, ban ƙara ba. Akwatunan na ɗauki hotonsu kafin su shige, ban kuma bar kowa ya tura mini su inda idona ba ya kai wa ba. Da aka auna aka liƙa musu lamba, sai aka manna mini 'yan ƙananan takardu a bayan katin shiga jirgi. Na tsaya na ƙirga su, huɗu, daidai da akwatunanmu, kowace da sunanmu da Alƙahira a jiki. Wannan ƙirgar ita ce kariyarka daga a jingina maka jakar da ba taka ba, kuma da su ake neman kaya in sun ɓata. Wani bawan Allah a layi ya roƙe ni in ɗaukar masa jaka ɗaya tunda nauyinmu bai cika ba. Na ba shi haƙuri.

Tafiyar kusan awa biyar ce. Na nema wa Baba kujerar bakin hanya don ya riƙa miƙe ƙafa. Bayin jirgi ba shi da buta, sai na riƙe ƙaramar robar ruwa da babu komai a ciki, ta wuce bincike lafiya, ta kuma yi mana amfani. Sallolin da za su riske mu a sama mun tambayi malami tun a gida yadda matafiyi ke yi, don haka ba mu shiga ruɗani ba.

A Alƙahira keken yana jiranmu a ƙofar jirgi, mai tura shi kuma shi ya bi da mu ta layin da ya fi sauri. Irin waɗannan ma'aikata ana ba su ɗan ihsani, al'adar ƙasar ce, don haka na canza kuɗi kaɗan a bankin cikin filin jirgin na nemi ƙananan takardu. A banki ko shagon canji mai lasisi ake canji a can, na bayan fage laifi ne. Adireshin masaukinmu a Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibanmu da yawa ke zaune, yana rubuce a takarda da Larabci da Turanci tare da lambar mai tarbarmu, domin a daidai lokacin da ake tambayarka ina za ka sauka wayarka ba ta da intanet. Na duba kwanakin da aka ba mu a hatimi na rubuta ranar ƙarewarsu, saboda in jinya ta ja sai an je an sabunta kafin su cika. Na sayi layin waya da fasfo a nan filin jirgin. Agogo na ƙara masa awa ɗaya. Da muka shiga masauki Baba ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas yadda ya saba, ɗalibin ya gyara masa, domin daga Alƙahira alƙibla kudu maso gabas take. Ya kuma faɗa mana Juma'a da Asabar ne hutunsu, mako Lahadi yake farawa, don haka wanda ya sauka daren Alhamis zai yi zaman jira yana biyan kuɗin ɗaki.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi, ranar dawowa kuma ta matsa gaba kamar yadda na yi zato, tikitin ya canzu da ɗan ƙarin kuɗi. Kafin a sallame mu na nemi takardu uku. Cikakken rahoton aikin da Turanci, domin likitanmu na Birnin Kebbi da zai ci gaba da duba shi. Takardar da ke cewa Baba ya isa hawa jirgi, domin kamfanin jirgi yana iya neman ta ga wanda aka yi wa tiyata kwanan nan. Sai wadda ke shaida akwai ƙarfe a gwiwarsa. Sababbin magungunan na tambayi likitan wanne ake samu a Nijeriya, wanda ba a samu na saya a can da takardarsa. Wurin da kuka da garin kunu suka bari a akwati shi tsaraba ta cike, na ari sikelin ɗalibai na auna kafin mu fita. A ƙofar bincike ta filin jirgin Alƙahira na'urar ta yi ƙara da Baba ya wuce, na miƙa takardar ƙarfen, jami'in ya karanta, ya shafa gwiwar da abin awonsa, ya ce mu wuce.